Ƙwaya ɗaya, amsa biyu: auna asid ɗin da maganin ƙwarnafi ke kashewa

Malamin Kemistiri, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da ma'aikatan lab. Ga wata matsala da nake so mu warware kafin a shiga furaktikal na zangon nan. Ƙwayar maganin ƙwarnafi ce irin ta taunawa, a jikin kwalinta an rubuta Al(OH)3 (alminiyam haidiroksaid) miligiram 200 da Mg(OH)2 (magniziyam haidiroksaid) miligiram 200. An daka ta, an zuba mata asid ɗin HCl mai ƙarfin mola 0.5 (wato rabin milimol a kowane mililita) har mililita 50, ta narke, sannan aka auna ragowar asid ɗin da NaOH, alkalin da ke kashe asid, shi ma mola 0.5. Da aka yi amfani da metil orenj a matsayin indiketa (rinin da ke canja launi idan asid ya ƙare), biyuret, wato bututun awo da ake ɗigo NaOH daga cikinsa, ta tsaya a mililita 21.2. Da aka ɗauko wata ƙwayar daga kati ɗaya aka yi da wata indiketar, finoftalin, sai da aka kai 36.1, kuma tun kafin launin hoda ya fito ruwan ya yi dishi-dishi fari. Wanne za a koya wa yara a matsayin daidai?

Malam na Bukur:
Wa alaikumus salam. A ganina finoftalin za a ɗauka. HCl asid ne mai ƙarfi, NaOH alkali ne mai ƙarfi, don haka kowace indiketa ya kamata ta ba da amsa kusan ɗaya. Idan sun saɓa, iskar CO2 ce ba a kora ba. A tafasa ruwan na minti biyu, a bari ya huce, a sake.

Baban Lab, Gangare:
Malam na Bukur, ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce idan asid da alkali ne kaɗai a cikin fulas. Amma nan akwai na uku, wato alminiyam da ya narke. Mu bi lissafin a hankali.

HCl ɗin da aka zuba milimol 25 ne, wato 50 sau 0.5. Miligiram 200 na Al(OH)3 milimol 2.56 ne, kowane ɗaya yana kashe asid uku, ya zama 7.7. Miligiram 200 na Mg(OH)2 milimol 3.43 ne, kowane yana kashe biyu, ya zama 6.9. Jimilla 14.6. Abin da ya rage na asid 10.4 ke nan, wanda zai ci kusan mililita 21 na NaOH. Ga 21.2 ɗinku nan.

To daga ina ƙarin mililita 15 ya fito? Da zarar pH (ma'aunin kaifin asid, wanda ke hawa yayin da asid ke raguwa) ya haura 4, alminiyam ɗin da ke cikin ruwan zai fara kama NaOH yana komawa Al(OH)3. Farin da kuka gani ke nan. Finoftalin kuwa ba ta canja launi sai pH ya kai 8.2, kafin nan alminiyam ya gama karɓe milimol 7.7 ɗinsa kaf. Raba 7.7 da 0.5, mililita 15.4. Da finoftalin za ku ce ƙwayar ta kashe milimol 6.95 kacal, wato aikin magniziyam kaɗai aka ƙirga, na alminiyam an shafe shi. Tafasawa ba za ta gyara wannan ba ko an yi awa ana yi.

Ɗalibar Jami'a, Farin Gada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina da tambaya tun daga tushe. Me ya sa ba za a zuba HCl a biyuret a riƙa ɗigawa kan garin ƙwayar kai tsaye ba, har launi ya canja?

Baban Lab, Gangare:
'Yata, saboda garin ba ya narkewa a ruwa. CaCO3 (kalsiyam kabonet) da Mg(OH)2 da Al(OH)3 duk sai asid ya ci su sannu a hankali. Idan kina ɗigawa kai tsaye, launi zai canja, ki ɗauka an gama, bayan daƙiƙa talatin ya koma yadda yake domin wani ɓurɓushin ya narke. Haka za ki yi ta bi babu wurin tsayawa. Shi ya sa ake zuba asid fiye da abin da ƙwayar za ta iya ci, wanda aka san adadinsa daidai, a bar ta ta ci iya cinta, sannan a auna rara. Kamar ki ba yaro dubu ɗaya ya je kasuwa ne: ba kya buƙatar bin sa, canjin da ya dawo da shi zai gaya miki nawa ya kashe.

Abin lura ɗaya: dole a tabbatar akwai rarar. Kafin a fara buɗe biyuret, idan an ɗiga metil orenj ruwan ya zama ja sosai. Idan ya fito rawaya, ƙwayar ta cinye asid ɗin duka, sai a ƙara wani mililita 25 na asid da fifet (bututun ɗibar ruwa na awo) a rubuta shi cikin lissafi.

Hajiya Famasis, Rikkos:
Bayanin Baba ya yi daidai da yadda masu haɗa magani ke yi. A kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, USP, akwai gwajin nan, kuma a pH 3.5 ake tsayawa, da mitar pH, ba da indiketa ba. Ga tsarinsa ga ƙwayar taunawa: a daka ƙwayoyi da yawa tare, a auni nauyin mafi ƙarancin abin da aka ce a sha a lokaci ɗaya, a zuba ruwa mililita 70, a juya na minti ɗaya. A ƙara mililita 30 na HCl mai mola 1.0, a ci gaba da juyawa minti 15 cif, komai a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum. Daga nan a fara ɗiga NaOH mai mola 0.5, a gama cikin minti 5, a tsaya inda pH 3.5 ya zauna na daƙiƙa 10 zuwa 15. Lissafin shi ne 30 sau ƙarfin HCl, a debe adadin NaOH sau ƙarfinsa. Idan ana sa ran maganin zai kashe fiye da milimol 25, sai a zuba mililita 60 na asid maimakon 30. A dokar Amurka, duk abin da za a kira maganin kashe asid sai awon shansa ɗaya ya kashe aƙalla mEq 5. Ga HCl, mEq ɗaya daidai yake da milimol ɗaya, kada alamar ta rikita ɗalibai.

Dalilin 3.5 ba don gudun alminiyam kaɗai ba ne. Ba a buƙatar a mayar da ruwan ciki pH 7. Daga pH 1.5 zuwa 3.5 an rage kaifin asid sau ɗari, kuma sinadarin fefsin mai narka nama ya fara rasa ƙarfi. Abin da ake nema daga maganin ke nan.

Malam na Bukur:
Na karɓi maganar alminiyam, lissafin ya fito fili. Amma Hajiya, makarantun sakandare nawa ne a Jos ke da mitar pH mai aiki da injin juyawa? Kuma ban yarda a jefar da finoftalin gaba ɗaya ba. Ga ƙwayar da CaCO3 ce zalla, kalsiyam ba ya komawa gari sai pH ya wuce 12. Canjin finoftalin daga ruwa garau zuwa hoda yaro ɗan aji huɗu yana ganinsa da ɗigo ɗaya. Na metil orenj daga ja zuwa ruwan goro kuwa, yara biyar za su ba ka amsa biyar.

Baban Lab, Gangare:
A nan ina tare da kai, da sharaɗin tafasawa. Ƙwaya mai CaCO3 miligiram 500 milimol 5 ce, tana kashe asid milimol 10, tana fitar da CO2 milimol 5. Wani kaso na iskar yana zama cikin ruwan, kuma ruwan sanyi ya fi riƙe ta, abin da ya shafe mu sosai a nan lokacin hunturu. Idan aka nufi pH 8.2, CO2 ɗin nan zai ci NaOH, adadin biyuret ya ƙaru, ƙwayar ta fito kamar mai rauni. Alamarsa ita ce launin hoda ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace.

Yadda ake tafasawar: wuta kaɗan, minti biyu bayan kumfar farko ta kwanta, a ɗora ƙaramin mazurari a bakin fulas don kada ruwan ya yi tsalle waje. Kada a ji tsoron HCl zai gudu da tururi, a ƙarfin mola 0.5 kusan ruwa ne kaɗai ke tashi. Asarar da ake yi ta fantsama ce. A wanke mazurarin da bangon fulas da tataccen ruwa a mayar ciki, a bari ya huce sosai kafin a sa indiketa. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Kada wani ya tsaya jiran ma'aunin zafi ya nuna 100, har ruwan ya ƙone.

Idan an yi daidai, milimol 25 a debe 10, saura 15, biyuret za ta tsaya kusa da mililita 30.

Hajiya Famasis, Rikkos:
Baba, ranka ya daɗe, a kan tafasawar nan ina da ja. Ga CaCO3 ba laifi, domin da ma yana narkewa da sauri. Amma idan aka tafasa ƙwaya mai Al(OH)3 ko magniziyam tiraisiliket, an canja tambayar. Waɗannan biyun a hankali suke aiki. Tafasawa za ta tilasta musu narkewa duka, a sami adadi mai kyau a takarda, alhali a cikin mutum digiri 37 ne, kuma idan ba a ci abinci ba maganin ba ya daɗewa sosai kafin ya wuce hanji. Minti 15 ɗin da aka ƙayyade da gangan ne. A pH 3.5 kuma CO2 ba ya cin NaOH, don haka babu ma buƙatar korarsa.

Baban Lab, Gangare:
Haka ne Hajiya. Gwaji biyu ne ke nan. Idan tambayar ita ce nawa ne sinadarin da ke cikin ƙwayar, a tafasa. Idan tambayar ita ce nawa za ta kashe a ciki, a tsaya a digiri 37 da agogo a hannu. Malamai su rubuta wa yara wanne suke yi a kan allo tun kafin a fara.

Wanda ba shi da tukunyar ɗumi ta lab, roba mai faɗi ta isa: a haɗa ruwan zafi da na sanyi har ma'auni ya nuna 38 ko 39, a tsoma fulas, a riƙa kaɗawa da hannu, ana ƙara ruwan zafi kaɗan idan ya sauka. Da safiyar Disamba a Jos, asid ɗin da ya kwana a lab yana da sanyi ƙwarai, shi ma a ɗumama shi a cikin robar tukuna.

Malamin Kemistiri, Anguwar Rogo:
To matsalar ganin launin metil orenj fa? Malam na Bukur bai faɗi ƙarya ba.

Baban Lab, Gangare:
Hanya biyu. Ta farko, a yi fulas na kwatance. A zuba tataccen ruwa daidai yawan na gwajin, a sa ɗigo biyu na indiketa, a daidaita shi da ɗan asid har ya zama ruwan goro, tsakanin ja da rawaya, a ajiye shi kan farar takarda kusa da biyuret. Kowa ya tsaya idan nasa ya yi kama da shi. Metil orenj tana juyawa daga pH 3.1 zuwa 4.4, don haka wanda ya jira rawaya tsantsa ya riga ya shiga inda alminiyam ke fara cin NaOH. Ta biyu, buromofinol bulu, mai juyawa daga 3.0 zuwa 4.6, daga rawaya zuwa shuɗi. A tsaya da zarar rawayar ta fara komawa kore-kore. Ita ta fi dacewa da ƙwayoyi da ruwan magani masu launin hoda, waɗanda rininsu ke ɓoye jan metil orenj.

Ɗigo biyu ko uku sun isa. Yawan indiketa duhu yake ƙarawa, ba haske ba.

Ɗalibar Jami'a, Farin Gada:
Ruwan zoɓo ba zai yi ba? Yana ja a asid, yana komawa kore a alkali.

Malam na Bukur:
Don nuna wa yara yana da kyau. Don awo kuwa a'a, canjinsa a hankali yake tafiya, kuma shi kansa zoɓon yana da tsami, zai ci nasa NaOH ɗin.

Malamin Kemistiri, Anguwar Rogo:
Akwai abin da ba mu taɓa ba, wanda a ganina shi ne ya fi lalata sakamako a makarantu: ƙarfin ruwan gwajin kansa. Ana auna giram 20 na NaOH a lita ɗaya a rubuta 0.5 a jikin kwalba, shi ke nan. Alhali NaOH yana shan laima da CO2 daga iska tun yana kan sikeli, musamman da damina. HCl ma ana ɗibar mililita 42 daga babbar kwalba a cika lita, a ce 0.5, ko da kwalbar ta shekara ana buɗe ta.

Ku duba illar. Amsarmu bambanci ce tsakanin lambobi biyu manya. Idan HCl ɗin 0.49 ne aka ɗauke shi 0.50, kuskuren kashi 2 cikin ɗari ne kawai, amma milimol 0.5 ne a cikin 25. A kan ƙwaya mai kashe 10, ya zama kashi 5 cikin ɗari.

Baban Lab, Gangare:
Maganinsa gwajin fanko, wato a yi komai babu ƙwaya. A ɗebi mililita 25 na HCl ɗin da fifet, a auna shi da NaOH da indiketar da za a yi aiki da ita, a ninka amsar biyu. Na ce 25 don kada mililita 50 ya shanye biyuret duka. Sai lissafin ya zama: adadin fanko a debe adadin gwaji, sau ƙarfin NaOH. Ƙarfin HCl ya fita daga lissafi gaba ɗaya, saura na NaOH kaɗai za a tabbatar.

Shi kuma da KHP (potassium hydrogen phthalate, wani asid mai siffar farin gari) ake tabbatar da shi, nauyin mol ɗinsa giram 204.22. A busar da shi a digiri 110 na awa biyu, a auni giram 2.5, a narkar, a sa finoftalin, zai ci kusan mililita 24.5 idan NaOH ɗin 0.5 ne. Inda babu KHP, a bi ta ɗaya gefen: busasshen Na2CO3 giram 0.66 yana cin kusan mililita 25 na HCl mai mola 0.5 da metil orenj, daga nan fanko ya ba da ƙarfin NaOH.

Ruwan haɗawa kuma ya zama tatacce. Ruwan rijiya da na burtsatse suna iya ɗauke da baikabonet wanda ke kashe asid. Mai sayen ruwan batir a madadinsa ya gwada shi da takardar litmos tukuna, domin da wannan sunan ake sayar da mai asid ma. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, kuma kada a bar yaro ya zuƙi fifet da baki. A kori kumfar iska daga bakin biyuret kafin a karanta lambar farko, ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ana gamawa a wanke biyuret, domin NaOH yana liƙe makunnin gilashi idan ya kwana.

Malam na Bukur:
Ga aji mai yara arba'in ba za a iya ba kowa ƙwaya da mililita 50 na asid ba. Yadda ya fi sauƙi: ƙwaya ɗaya a cikin mililita 50 na HCl mai mola 0.5, bayan ta gama ci a juye a fulas na awo mai mililita 250, a cika zuwa layi, a girgiza sosai. Kowane rukuni ya ɗebi mililita 25 ya auna da NaOH mai mola 0.1. Ga ƙwayar CaCO3 miligiram 500, rarar da ke cikin kowane ɗiba milimol 1.5 ce, wato mililita 15 a biyuret, sai a ninka goma. Farin da ke kwanciya a ƙasa sitaci ne da sauran abin da aka ɗaure ƙwayar da shi, ba sai an tace ba. A maimaita har a sami biyu da ba su saɓa da fiye da 0.10 ba.

Hajiya Famasis, Rikkos:
Sai dai a sani maimaitawar nan ƙwaya ɗaya take aunawa. Don kwatanta kamfani da kamfani, a auna nauyin ƙwayoyi goma ko ashirin, a daka su tare, a ɗebi matsakaicin nauyin guda. Na ruwa irin su Mist Mag da madarar magnishiya kuwa, a girgiza kwalbar sosai, domin maganin yana kwanciya a ƙasa, na sama kusan ruwa ne. Kada a ɗiba da fifet, yana manne wa bango. A yi da sirinji mai mililita 5, a ɗauraye shi cikin fulas sau biyu. Madarar magnishiya mai miligiram 400 na Mg(OH)2 a mililita 5 ya kamata ta ba da kusan milimol 13.7.

Kuma don Allah a gaya wa ɗalibai cewa babbar lamba ba ita ce mafi kyawun magani ba. Omeprazole zai ba da kusan sifili a gwajin nan, domin ba ya kashe asid, hana ciki fitar da shi yake yi. Gaviscon aikinsa ya fi dogara da kumfar aljinet da ke yawo a saman abin da ke ciki ta tare hanyar maƙogwaro. Garin Andrews yana da asid ɗin lemo a cikinsa, wanda ke sa canjin launi ya yi ta jan ƙafa. Alminiyam yana sa bahaya ta yi tauri, magniziyam yana sa zawo, shi ya sa ake haɗa su a ƙwaya ɗaya. Dukansu suna kama ciprofloxacin da tetracycline su hana su shiga jini idan aka sha tare.

Ɗalibar Jami'a, Farin Gada:
Anti, idan aka ce a faɗi amsar da yawan ruwan ciki fa, ba da milimol ba?

Hajiya Famasis, Rikkos:
Sai an faɗi ƙarfin da aka ɗauka, ƙanwata. Milimol 10 mililita 100 ne na asid mai mola 0.1, wato pH 1. A pH 2 kuwa lita guda ne cur. Rahoton da ya ce ƙwaya ta kashe mililita kaza bai ambaci ƙarfi ba, ba a iya kwatanta shi da komai.

Malamin Kemistiri, Anguwar Rogo:
Yaran za su tambayi kanwa, domin ita ake jiƙawa a gida idan ciki ya ɓaci. Za ta shiga gwajin nan?

Baban Lab, Gangare:
Za ta shiga, kuma ta fi sauƙi, domin tana narkewa a ruwa, ba sai an bi ta hanyar rara ba. Asalin sinadarinta tirona ne, haɗin Na2CO3 da NaHCO3 da ruwa, nauyin mol giram 226, yana kashe asid uku. Giram ɗaya na tsantsarsa milimol 13.3 ke nan, na bekin soda (NaHCO3) 11.9. A daka, a auni giram 5, a narkar, a tace yashi da ƙasa, a cika zuwa mililita 250. A ɗebi 25, a ɗiga HCl mai mola 0.5 kai tsaye. Da finoftalin launin zai ɓace wajen mililita 4.4 idan tsantsa ce. A ƙara metil orenj a fulas ɗin a ci gaba, jimilla ta kai 13.3. Ta kasuwa za ta saɓa da wannan, domin akwai gishiri da yashi a ciki, kuma jar kanwa da fara da ungurnu kowace da nata. A sayo iri uku daga masu sayarwa daban-daban, kowane rukuni ya ɗauki ɗaya.

Hajiya Famasis, Rikkos:
A haɗa musu da lissafin sodiyam a wannan darasin. Kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin tirona sodiyam ne, giram ɗaya miligiram 305. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 2 na sodiyam a yini, har da na gishirin miya. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu ba nasu ba ce. Kuma duk wanda ƙwarnafi ya wuce masa mako biyu, ko ya ga bahayarsa ta yi baƙi, ko yana amai da jini, asibiti zai je a duba gyambon ciki.

Malam na Bukur:
Malam na Anguwar Rogo, idan za ku yi na kanwar, a sa takardar tacewa a cikin jerin kaya, kuma a auna nauyin yashin da ya rage bayan ya bushe. A rage saurin ɗigawa bayan finoftalin ta ɓace, domin daga nan ne CO2 ke fara tasowa, kumfar tana iya ɗaga ruwan har bakin fulas mai mililita 100. A yi da mai 250.